Tutar da ke Cikin Kwat ɗin Onnik

Yayana Onnik sunansa biyu, kamar yawancinmu Armeniyawan Istanbul. A cikin gida Onnik ne, da ya taka bakin ƙofa ya koma Orhan. Shekara arba'in ya yi yana ƙera fayafayan tagulla, irin waɗanda masu ganga suke kaɗawa su ba da amo, kuma har ya ajiye aikin akwai abokan aikinsa da ba su san yana da wani sunan ba. Guduma ta cinye masa kunne. Na hagu ya mutu murus, na dama kuwa sai ka ɗaga murya kamar mai kiran kwale-kwale daga tsallake.

Kurumtar ba ta dame ni ba. Tutar ce take ba ni haushi.

Yana ɗan shekara takwas, a 1955, ni ba a ma haife ni ba, aka saki gari a kan Girkawa da Armeniyawa. Mamarmu ta tura shi ƙarƙashin gado, shi kuma ya rarrafo ya leƙa ta taga. Abin da ya gani bai taɓa barinsa ba: titi cike da hannaye a dunƙule, bakuna a buɗe, ana wurgo keken ɗinkin maƙwabta daga bene. Mai gadin gidanmu, wani Baturke ɗan ƙauye da ake kira Dursun, ya fito da tutar Turkiyya ya baje ta a ƙirjinsa, ya tokare ƙofa, yana rantsuwa cewa babu kafiri ko ɗaya a wannan bene. Ƙarya ya shirga musu, Allah ya ji ƙansa. Suka wuce gida na gaba. Da Dursun zai koma ƙauyensu ya bar wa babanmu tutar, Onnik ya gaje ta.

Tun daga nan, duk ranar bikin ƙasa tutarmu ce ta fara fita a layin. Sai ya goge ta da kansa, ya rataya, ya sauka titi ya duba ko ta miƙe.

"Yaya, ko gwamna bai kai ka kishin ƙasa ba," nakan ce masa.

"Yi ta dariya, Araksi. Ke ba ki gani ba. Ni na gani."

Sai Allah ya ba shi Lerna. Da girmansa ya same ta, uwarta ta rasu tana ƙarama, a hannuna ta tashi, kuma ban san inda ta samo taurin kai ba, sai dai in a wurina. Tun tana rarrafe take dukan tukwane. Shi da kansa ya ƙera mata fayafai, ya ɗinka musu jaka, ya sa ƙyalle tsakanin kowane biyu don kada su karci juna. Ta girma ta zama mai ganga a wata ƙungiyar kiɗan rok, ita da Turkawa biyu da Bakurde ɗaya, duk gashi buzu-buzu. Waƙoƙinsu ba su bar kowa ba, daga masu son yaƙi har 'yan sanda. Onnik bai damu ba, tunda ba ji yake yi ba. In tana gwaji a gida, yana ganin hannunta yana sauka a inda ya dace, ya gyaɗa kai.

A shekarar da aka harbe wani ɗan jaridarmu da rana tsaka a ƙofar ofishinsa, tsoro ya shiga kowane gida a unguwarmu ta Kurtuluş. Ni kaina sai da na daina gaisawa da Armeniyanci a kan titi. Onnik ya ɓamɓare sunansa daga jikin ƙararrawar ƙofa, har na Orhan ɗin. A shekarar ce kuma su Lerna suka ga ya dace su yi waƙar garuruwa. Ba wata waƙa ba ce, jerin sunaye ne na garuruwa da ƙauyukan da aka kwashe kakanninmu a 1915 aka kora su jeji ba su dawo ba. Lerna ce take kiran sunayen tana dukan ganga, har da ƙauyen kakarmu na wajen Sivas. A gidanmu ko a teburin cin abinci ba a faɗar wannan magana sai an rufe taga.

Ni na gaya masa, don gara ya ji daga bakina. Ya ajiye kofin shayinsa ya kalli Lerna.

"Wa ya aike ki?"

"Babu wanda ya aike ni, Baba."

Ya juyo wajena. "Me ta ce?"

"Ta ce babu wanda ya aike ta!"

"To matattun ne suka ce ki bi su? Ke, yarinya, mutanen nan sun mutu sun huta. Ke kaɗai gare ni."

Lerna ta matso kusa da kunnensa mai ɗan ji. "Baba, Ertan mai jita Baturke ne, shi ya sa wa waƙar kiɗa. Mutanen da za su zo ma yawancinsu Turkawa ne. Zamani ya canza."

"Ertan zai koma gidan ubansa ya kwana lafiya. Ke gidan wa za ki koma?"

Ta yi dariya ta sumbace shi a sanƙo ta fita. Ni ban yi dariya ba, don a ƙasan raina na san tambayarsa tana kan hanya.

A wani fili a bayan gari aka yi wasan, bikin masu ƙin yaƙi, cikin watan Agusta. Onnik da bai taɓa zuwa wasanta ba ya ce zai je. Ya fito da kwat mai nauyi ya ɓalle maɓallai har wuya.

"Yaya, a wannan zafin? Kifi za ka gasa a hammata?"

Ya yi kamar bai ji ba. Da shi ba ka taɓa sanin yaushe kurumtar ta gaske ce.

La'asar ta yi suka hau dandamali. Mun kutsa har gaba, ta gefe, kusa da matakala. Waƙoƙin farko samari suna ta tsalle, Onnik yana tsaye ƙiƙam, idonsa ba a kan 'yarsa yake ba, yana kan taron. Sai kiɗan ya lafa, ganga kaɗai ta rage. Lerna ta jawo makirufo ta kira sunan gari na farko. Dubban mutane suka ɗaga hannu a dunƙule suka maimaita. Ta kira na biyu, suka amsa da ƙarfin da ya fi na farko. 'Ya'yan Turkawa ne suke ihun sunan ƙauyen kakata, ina tsaye ina kuka kamar wawiya.

Na juya in riƙe hannun yayana, sai na ga fuskarsa. Ta yi fari fat. Shi ba sunaye yake ji ba. Hannaye yake gani a dunƙule, da bakuna a buɗe, duk sun fuskanci 'yarsa, suna matsowa.

"Yaya, yabonta suke yi! Onnik!"

Ya riga ya hau matakala. Ban taɓa sanin tsohon nan yana da sauran gudu ba. Ya ratsa tsakanin wayoyi, ya tsaya a gaban gangunan, ya ba Lerna baya, ya fizgo tutar Dursun daga cikin kwat ya baje ta a ƙirjinsa.

"Babu kafiri a nan!" yake ihu. "Wallahi babu kafiri a nan! Ku wuce!"

A lokacin an sha samun masu tsattsauran kishin ƙasa suna faɗa wa taro irin wannan da tuta a hannu, kuma kowa a filin yana tuna yadda aka kashe ɗan jaridar. Sun ga dattijo ya haye dandamali, ya sa hannu cikin kwat, ya fito da tuta, yana ambaton kafirai a gaban yarinya Ba'armeniya. Me za su zata? Wani ya ce bindiga gare shi. Masu tsaron dandamali suka kai shi ƙasa, samarin gaba suka haye, ƙafafu suka fara sauka a kansa. Ina ihu, wa zai ji ni? Shi kuwa ya ƙanƙame tutar da hannu biyu, bai ko kare kansa ba.

Lerna ce ta tsayar da su. Ta harbar da ganga ta ɗauki makirufo, muryarta ta cika filin.

"Ku sake shi! Babana ne! Onnik Demirciyan ne, Ba'armene ne, babana ne!"

Suka ja baya kamar sun taɓa wuta. Sunan da ya ɓoye wa abokan aikinsa shekara arba'in, ga shi an faɗe shi ta lasifika, a gaban masu ɗaukar hoto. Shi kaɗai ne a wurin bai ji ba.

Haƙarƙarinsa ya karye, ido ɗaya ya rufe. A gadon asibiti, abin da ya fara tambaya shi ne ko sun taɓa ta. Na ce ko ƙwarzane babu. Ya lumshe idon da ya rage, ya yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Kin gani, Araksi? Har yanzu tutar tana aiki."

Na yi masa bayani, Lerna ta yi, Ertan ya zo da furanni yana kuka ya yi. Ya saurare mu da ladabi, ya ce yara ne mu. Shi dai ya san gungun mutane sun taso wa 'yarsa, ya tsaya da tuta, sun dake shi sun bar ta.

Hoton ya fito a talabijin, da sunansa a rubuce a ƙasa. Ba a yi mako ba wayar gida ta fara ƙara. In ka ɗauka sai ka ji numfashi, sannan wata murya ta ce cikin ladabi, "A gaida maigida Onnik, a gaida mai ganga. Mun san layin." Onnik ba ya jin ƙarar waya. Ni nake ɗauka, ko Lerna, kuma mun haɗa baki ba mu gaya masa ba. Yana zaune a bakin taga yana shan shayinsa, hankalinsa kwance fiye da yadda na taɓa saninsa, ni kuwa ko babur ya tsaya a ƙofa sai na tashi na duba ko a kulle muke.

Ranar bikin ƙasa ta zagayo, tagarmu babu tuta. Na tambaye shi, ya ce ta tsufa da rataya. Sai da Lerna ta buɗe jakar fayafanta a wurin wani wasa ta gan ta, an wanke, an ɗinke inda ta yage, an ninke ta tsakanin manyan fayafai biyu.

Har yau tana yin waƙar garuruwan. Amma kafin ta fita daga gida takan leƙa ta bayan labule ta duba titi, daidai yadda babanta ya saba yi. Na tambaye ta me ya hana ta cire tutar daga jakar, ita da ta fi kowa yi masa dariya a kanta. Ta daɗe tana jan zik ɗin jakar tana mayarwa.

"Gwaggo," ta ce, "bar ta kawai."