Gugan Baba Lawali

Ranar da muka tare a unguwar Hayyin Ashir, can ƙasar Masar, kwando ne ya fara yi mini maraba, kuma a ka ya sauko mini. Ina tsaye bakin titi ina yi wa maigidana faɗa a kan tukunyata da ya bari ta lotse a mota, da ƙarfi kuwa, don ni Husaina ban taɓa iya faɗa a hankali ba. Sai na ji abu ya taɓa mini mayafi. Na ɗaga kai na bi igiya da ido har hawa na biyar, na ga wani tsoho baƙi siriri ya jingina da ƙarfen baranda yana ta dariya.

"Mutanen ina ne?" ya tambaya daga can sama.

"Katsina," na ce, ina gyara mayafi.

"Assha. Duk faɗin ƙasar Hausa a rasa wa za a turo mini sai Katsinawa?"

Nan take na gane Bakabe ne, don ba mai yi wa Bakatsine wannan tarba sai abokin wasansa. Na ce ya ja kwandonsa, nan ba gulbin Argungu ba ne. Ya ce in duba ciki tukuna. Dabino ne ƙulle a takarda. Haka na san Baba Lawali.

Kusan kowane bene a unguwarmu yana da irin wannan kwando mai igiya. Misirawa sabat suke ce masa: a zura shi ƙasa, mai shago ya sa gurasa ko madara, a ja. Baba guga yake ce wa nasa, kuma ba don gurasa ya fi zura shi ba. Layinmu hanyar ɗalibai ce, nan suke bi su hau motar jami'a. Da ya jiyo Hausa a ƙasa, sai guga ya sauko a hankali ya tsaya daidai fuskar mai magana. Sabon zuwa ya firgita, tsohon zuwa ya ɗaga kai ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" To ka kamu ke nan. Zai tambaye ka garinku, da sunan mahaifinka, da ko an samu ruwa bana, da ko gero ya yi kyau. Na sha ce masa su yake yi, kamun kifi da guga, Bakabe ko a Masar ba ya barin su. Ya ce awo, haka ne, kuma Katsinawa sun fi saurin kamuwa.

Labarinsa a guntu-guntu na tsince shi, yawanci in na kai masa tuwo, don abinci nake sayar wa ɗalibai daga ɗakinmu na ƙasa, maigidana kuma yana fama da digirinsa na uku da ya ƙi ƙarewa. Baba ya zo karatu yana saurayi, tun ana ce wa jiharsu Arewa maso Yamma, kuma har gobe haka yake kiranta. Legas a bakinsa Ikko ce. Karatun bai yiwu ba, nahawu ya yi ta kayar da shi har tallafin ya yanke. Kunyar komawa gida ba takardar shaida ta sa ya ce bari ya ƙara shekara. Ya samu aikin ɗinke littattafai a wani shago bayan masallacin Azhar, yana yi musu bango da fata. Shekarar nan da ya ce zai ƙara ita ce ta ƙi ƙarewa. Ya auri Safa, 'yar mai shagon, suka haifi mace ɗaya, Sulafa. Ya je gida bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya tarar yaran gidan suna kiransa Balarabe, suna kwaikwayon maganarsa. Bai sake zuwa ba.

A gidansa Larabci ake yi tsantsa. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi koya wa Sulafa Hausa. Ya ce baƙar yarinya ce a makarantar Misirawa, tsokanar da ake yi mata ta isa, bai so ya ƙara mata da wani harshe a baki. Safa ta rasu kafin mu zo, Sulafa ta yi aure can nesa, ƙetaren Nilu, gwiwoyi kuma suka hana shi sauka, don gininmu matakala ce kawai. Sai ya zama duniyarsa baranda ce da igiya.

Bara da sanyi, wata safiya har hantsi guga bai sauko ba. Ɗalibai sun wuce da surutunsu, shiru.  Na tura maigidana da mai gadin gini suka ɓalle ƙofar, suka same shi kwance kusa da tabarmar salla, hawan jini ya buge shi. Allah ya yi da sauran kwana. Bayan 'yan makonni hannu ya dawo, ƙafa ta ɗan dawo, amma wani abu bai dawo ba, kuma ba wanda ya lura da wuri. Larabcinsa ne ya tafi. Ba na salla ba, wannan yana nan daram, zai ja maka sura ba tuntuɓe. Larabcin gida da kasuwa, wanda ya yi ciniki da shi, ya nemi aure da shi, ya yi renon 'yarsa da shi, shi ne ya zube. Yana fahimtar mafi yawan abin da aka ce masa, amma in ya buɗe baki zai amsa, Hausa ce ke fitowa. Likita ya ce yana faruwa, harshen da mutum ya koya daga baya shi ke fara tafiya.

Ina nan ranar da abin ya fito fili. Na hau da kunu, na tarar Sulafa tsaye a kansa, yana ta ce mata, "Sanyi, sanyi." Ta ruga kicin ta dawo da faranti babba ta miƙa masa, don su siniyya suke ce wa farantin. Ya ture. Ta kawo wani ƙarami. Ya kau da kai. Wallahi saura kaɗan in yi dariya, sai na ga idonta. Na ɗauko bargo na rufa masa, na ce mata da guntun Larabcina sanyi yake ji. Ta zauna a ƙasa da faranti a cinya ta yi kuka har ta gode wa Allah. Tun daga ranar na zama tafinta tsakanin uba da 'yarsa, aikin da ban taɓa jin wani ya yi ba.

Da ya ɗan warware, Sulafa ta zo da maganar. Akwai wani gida kusa da ita, darul musinnin suke ce masa, wato gidan tsofaffi. Ɗaki a ƙasa, ba matakala, ga lambu, ga masu jinya. Daga gidanta da ƙafa ake zuwa. Ta nuna mana hotuna a waya.

Ni dai raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce mata a garinmu in ka kai ubanka irin wannan wuri, ka gama fita kunyar duniya. Ba ta yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ta ce ɗakuna biyu gare su, ita da mijinta Hatim da yara da surukarta da ba ta iya tashi, kuma su ma a sama suke. Ta ce tana aiki a kantin magani, zuwa nan mota uku ne, ba ta iya zuwa sai Juma'a. "Ranar da ya faɗi," ta ce, "ke kika sani, ni ban sani ba." Na ce mata ma'alish kawai, wato ta yi haƙuri.

Baba ya ce a ba shi lokaci. Wata ya wuce, wani ya shiga. Guga na sauka kullum, har ya fi da, kuma yanzu ba ya sakin mutum da wuri. Na ji shi yana tambayar wani ɗan Birnin Kebbi ko ya san wata tsamiya a bakin mashigin garinsu, yaron ya ce bai sani ba, Baba ya yi ta kwatanta masa ita reshe-reshe har yaron ya makara. In na kai masa abinci da yamma sai in same shi ya ja kujera bakin ƙarfe, bai zura komai ba, kunne kawai ya kasa. Ya ce mini ba sai an yi da shi ba, ko faɗan wasu ya jiyo da Hausa ya wadatar. Ya ce nawa faɗan ya fi daɗi, don ba ya ƙarewa.

Na yi iya ƙoƙarina in riƙe shi, ba zan ɓoye ba. Na ce zan riƙa hawa safe da yamma. Na ce ɗalibai za su yi karɓa-karɓa su kwana da shi. Na ce can wa zai ce wa sanyi a kawo masa bargo? Yana saurara, yana gyaɗa kai, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Wata Juma'a Sulafa ta zo da ƙaramar 'yarta, suka zauna da shi. Ban hau da wuri ba, ina da tukunya a wuta. Da na shiga na tarar da su shiru, ta riƙe hannunsa tana yanke masa farce, yarinyar na wasa da igiyar guga. Ba mai cewa komai, kuma ban ga alamar akwai mai bukata ba. Da ya gan ni ya ce in zauna in faɗa wa ɗiyarsa magana, kada in ƙara, kada in rage, ya san halin Katsinawa.

"Ce mata zan tafi," ya ce.

"Baba, ka yi tunani."

"Na yi. Nan ina da masu jin maganata, ba ni da ɗiyata sai Juma'a. Can ina da ɗiyata, ba mai jin maganata. Ni na hana ta Hausa, Husaina, ba ita ta ƙi ba. Ba zan zauna nan in yi ta hira da 'ya'yan mutane, tawa tana can tana jiran ranar da za a kira ta a ce na faɗi."

Shi ne karo na farko da ya kira ni da sunana, ba Bakatsina ba. Na fassara. Ban ƙara ba, ban rage ba, amma na ji haushin kowace kalma da ta fita daga bakina. Sulafa ta sunkuyar da kai a kan hannunsa. Ya dafa kanta ya ce, "Khalas." Wato shi ke nan. Ita kaɗai ce kalmar tasu da ta zo masa ranar.

Ɗalibai ne suka sauko da shi a kan kujera. Kayansa ba yawa: Alƙur'aninsa da ya yi wa bango da hannunsa, hoton Safa, 'yan tufafi. Da aka zo rufe ƙofa ya ce a kwance masa guga. Hatim ya ce ba amfaninsa can, ɗakin a ƙasa yake. Na fassara wa Baba. Ya ce ai ya ji, a kwance dai. Ya rungume shi a cinya, igiya a naɗe, har cikin mota.

Layin ya yi mini wani iri bayan tafiyarsa. Ɗalibai in sun zo daidai gininmu sukan ɗaga murya ba su sani ba, su ɗaga kai, sannan su tuna. Ni kaina na daina jin daɗin yi wa maigidana faɗa a waje, tunda ba mai saurare daga sama. Na yi kewar tsohon nan fiye da yadda na zata, kewa irin wadda nake yi wa mahaifina da ke Katsina.

Da na samu sarari na dafa tuwon shinkafa da miyar kuka, na hau motocin nan uku. Wurin yana da tsabta, ba zan yi ƙarya ba, ga itatuwa, ga iska. Wata ma'aikaciya ta ce Sulafa na zuwa kullum bayan aiki, suna zama a lambu har magariba. Ta ce tsoho ne mai ladabi, sai dai akwai abin da yake yi da ba su gane ba, ta nuna mini ta gefen ginin.

Tagarsa ko ƙirjina ba ta kai ba. Guga na zaune a kan ciyawa ƙarƙashinta, igiya duk ta taru a gefensa tuli guda, bakinta ɗaure da ƙarfen taga. Ba kowa a wajen sai mai ban ruwa.

Na tsaya na daidaita numfashi, sannan na ɗaga murya yadda na saba. "Ina Bakaben nan da ya gudu ya bar mana gulbi?"

Na ji motsin kujera. Fuskarsa ta leƙo, ya rame kaɗan, ya zuba mini ido kamar bai yarda ba. Na ce bari in zagaya in shigo.

"A'a," ya ce. "Tsaya nan ƙasa. Yi magana daga nan."

Na tsaya. Ya tambaye ni ko suna wucewa har yanzu, na ce suna wucewa. Ya ce suna ɗaga kai? Na ce wallahi suna ɗagawa, Baba. Ya yi murmushi. Na sa kwanon tuwo a cikin guga. Da ya miƙo hannu kawai zai ɗauka, amma bai miƙo ba. Ya kama igiyar daga can bakinta ya fara ja, hannu bayan hannu, a hankali, tulin yana raguwa, kwandon ko motsi bai yi ba.

"Ci gaba da magana, Bakatsina," ya ce. "Da sauran nisa kafin ya iso."