Sukarin da Na Ba Yayana a Gindin Ɗorawa

Ni ba mai yawan tuna baya ba ne, wahalar yau ma ta ishe ni. Amma safiyar da na ba yayana sukari da hannuna, alhali likita ya hana shi, ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Yayana tela ne a Gwaram. Tun yana saurayi yake zaune a kan keken ɗinki, har tumbi ya fito. Da jiki ya fara damunsa, aka auna shi a asibiti a Birnin Kudu, aka ce ciwon suga ne. Aka ba shi ƙwayoyi, aka hana shi zaƙi, aka ce ya riƙa tafiyar ƙasa da safe. Ni aka ɗora wa rakiya.

Mutum ne mai tsoron mutuwa, kuma ban ga laifinsa ba, 'ya'yansa ƙanana ne. A tunaninsa, tunda abinci ke tayar da sugan, bari ya sha magani, ya ƙi karyawa, ya ninka tafiyar, ciwon ya mutu da yunwa. Bai gaya wa kowa ba.

Ran nan muka miƙi hanyar Kwandiko, yana gaba yana zabga sauri. Na ce, “Yaya, tsere muke da wa?” Ya ce, “Kai dai rago ne, taho.” Da muka yi nisa da gari sai tafiyarsa ta fara karkacewa. Gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa na rawa. Ya zube a gindin wata ɗorawa, ya dube ni, ya kira ni da sunan ƙaninmu da ya daɗe da rasuwa.

Na ce, “Me ka ci yau?” Da ƙyar ya ce, “Magani.”

Ban yi boko mai nisa ba, amma na yi ƙwadago a gonakin mutane, na san wannan rawar jikin. Ita ke kama wanda ya ɗauki garma da cikin wofi, kuma abu mai zaƙi ke kwantar da ita. To amma ga mutumin da aka ce zaƙi guba ne a gare shi. In na ba shi, wataƙila in ƙarasa shi. In na hana, ga shi yana tafiya a gabana. Waya kuma na baro ta a gida.

Sai ga wata dattijuwa mai fura da nono. Na ce, “Inna, akwai sukari?” Ta sauke ƙwaryarta ta miƙo min, na dama shi da ruwa a ludayi. Yayana ya kau da kai. “So kake ka kashe ni?” Na tallafo ƙeyarsa na ce, “In ka mutu ni na kashe ka, da bakina zan gaya wa iyalinka. Sha!” Ya sha.

Muka zuba masa ido, dattijuwar tana ta salati. Can sai idonsa ya washe, ya kira ni da sunana. Ya leƙa ƙwaryar ya ce, “Furar kuma kallonta za mu yi?”

Da na kai shi asibiti, wani ma'aikacin lafiya ya yi mana bayani yadda zan gane. Ya ce in mutum yana motsa jiki, tsokarsa tana ƙona sukarin da ke cikin jini tare da iskar da yake shaƙa, shi ya sa ake haki. In ya ragu, hanta ta saki wanda ta ajiye. Kitse ma yana ƙonuwa, amma a hankali, ba ya cim ma mai sauri. Yayana ya kwana bai ci ba, ajiyar ta yi ƙasa, magani na jan sukarin jini, ƙafa na ja, ƙwaƙwalwa ta rasa nata. Ya ce na yi daidai, amma da ya suma, ba a ɗura wa sumamme komai.

Abin da na koya shi ne, jiki ba ya aiki da zuciya kawai, sai an ba shi abin da zai ƙona. Kuma tsoron ciwo, in ya yi yawa, yana iya kai mutum ƙasa tun kafin ciwon ya kai shi.