Gwadabe Mai Jin Kukan Liyari

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara shigowa Zariya, Tudun Wada tana sabuwar unguwa, baƙi na ta kafa gidaje, babu wanda bai san Gwadabe ba. Tabarma ce da shi a gindin tsamiya, kusa da rumfar Nagoda maƙerin azurfa. Sana'arsa kuwa kunne.

Nasara sun kawo sulensu, amma tsofaffin kuɗin ƙasashen waje na nan jibge a ɗakunan mata. Akwai liyari mai kan wata ƙosasshiyar mace, bayansa tsuntsu mai kai biyu, wanda fatake ke kawowa daga Barno, ga na Faransa daga Damagaram, ga waɗanda alhazai ke dawowa da su. Mugaye kuma sun iya zuba dalma su shafe ta da azurfa, ido bai isa ya raba ba. Sai a kawo wa Gwadabe. Ya ɗora a kan yatsa, ya ƙwanƙwasa da ɗan ƙarfe, ya karkata kai. Azurfar gaske tana jan kuka, dalma kuwa ƙwas take yi ta yi shiru. In ya ce, "Nagoda, narka," an gama magana. In ya ce, "Kai wa yara su yi wasa," to, sai haƙuri. Ga shi da tsiya! Madugu guda sai ya tsare shi da zolaya har ya yi gumi kafin ya faɗa masa gaskiya.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi kunnuwa sun toshe. Magana sai ya kalli baki, kukan azurfa kuwa ya tafi ɗungurungum. Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da ƙwanƙwasawa yana karkata kai, alhali nauyi kawai yake aunawa a tafin hannu. Abin ya dame shi ƙwarai, don ya san in ya ci gaba, wata rana zai sa a narka wa marainiya dalma. Ya yanke a ransa ran Juma'a zai naɗe tabarmarsa, ya bar sana'ar da bai iya wata ba.

Ran Alhamis da hantsi sai ga Zinariya mai tuwo, da liyarai hudaddu a jere a tsirkiya, gadon uwarta. So take Nagoda ya yi wa jikarta munduwa da su.

"Baba Gwadabe, duba min. Kai kaɗai na yarda da kunnenka."

Ya karɓa, ya shiga kwance ƙullin don ya sami abin yi da hannu. Ƙullin ya tsufa, ya ƙi. Ya sa haƙori ya ja, liyaran suka yi lilo a ƙarƙashin haɓarsa suka bugi juna.

Tsiiin!

A tsakiyar kansa ya ji shi, tas, kamar da can. Ya saki tsirkiyar, shiru. Ya sake cizawa ya girgiza kai. Tsiiin! Wayyo, daɗi kashe shi! Tsohon nan ya miƙe tsaye da liyarai a baki yana rawa, hawaye na zuba a gemu.

"Lafiya, Baba?" in ji Zinariya, ta ja da baya. Nagoda ya yar da guduma ya fito, masu wucewa suka taru, ana cewa ko aljanun tsamiya ne.

Gwadabe bai kula su ba. Ya kwance ƙullin, ya zare liyaran, ya rataya ɗaya a zare, ya cije bakin zaren, ya ƙwanƙwasa. Ya lumshe ido har kukan ya ƙare. Na biyu ma haka. Da ya zo kan wani mai ƙyalli, wanda ya fi duka kyau, sai ya ji ƙwas.

"Wannan dalma ne, Zinariya. Sauran ki kai a narka."

"Haba Baba! Wannan ne uwata ta fi so!"

"Nagoda, sare shi mu gani."

Nagoda ya sa kurfi ya sare. Cikinsa toka-toka ne, laushi kamar tuwon jiya. Wuri ya ɗauki salati da shewa.

Gwadabe ya ɗaga hannu. Muryarsa ta fita da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Jama'a, ku daina ihu, ba na jin ku! Tun damina ni kurma ne. Amma duk mai liyari a ɗaka ta je ta ɗauko, yau ba na karɓar ko anini. So nake in ji su duka."