Ruwan da Inna Ta Gyara Mini

Ba a daɗe da ba mu jiha ba na dawo Gusau daga aiki a Legas, ɗauke da akwatin gilashi na kiwon kifin teku, da buhun gishirinsa, da ɗan injin tace ruwa. Abokaina a Sabon Gari suka yi ta yi mini tsiya, wai teku zan kawo Zamfara. Ko kallonsu ban yi ba.

Mutumin da ya sayar mini da kayan ya ja mini kunne sosai. Ya ce kada in kuskura in sa kifi a sabon ruwa. In haɗa ruwan da gishiri, in jefa guntun ɗanyen kifi ya ruɓe a ciki, in bar injin yana aiki makonni. A cikin soson injin wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani za su hayayyafa, su ne ke cinye dafin kashin kifi. Ruwan zai yi fari-fari kamar na wankin shinkafa, sannan ya washe da kansa. Soson nan kuwa, ko da wasa kada sabulu ya taɓa shi.

Na sha wuya, wallahi. A ɗauke wuta, injin ya tsaya, in zauna ina ɗibar ruwa da moɗa ina kwararawa kan soson don kada ya bushe. Da na ga ruwan ya fara washewa, na aika wa mutumin ya ba wani direban babbar mota kifi ɗaya, shuɗi mai wutsiya ruwan ɗorawa.

Ana haka matata ta haihu, Inna, mahaifiyata, ta zo daga 'Yankuzo ganin jika. Rannan na tafi ta'aziyya Bungudu. Ina dawowa na tarar gilashi na walƙiya, ruwa garai-garai.

"Na gyara maka ƙazantar nan," in ji Inna, tana murmushi. "Gidan mai jego da wari? Soson na wanke shi tas da sabulu da toka, na ƙara ruwan rijiya, na jefa alif kamar yadda muke yi ma ruwan gulbi. Dubi yadda ya kwanta!"

Innalillahi! Wahalar makonni ta tafi a wuni ɗaya. Uwa ce, me zan ce? Na fita tsakar gida na shuri bokiti har na ji wa yatsana ciwo.

Kifi kuwa yana kan hanya. Washegari direban ya miƙo mini shi cikin leda. Ina zan kai shi? Na zubar da ruwan Inna, na haɗa sabo, na saka shi, alhali na san babu abin da ya rage da rai a soson.

Babban abin haushin, duk gidan babu wanda ya ƙaunaci kifin nan kamar Inna. Ta jawo tabarma gaban gilashin ta zauna, tana yi masa kirari, tana kiran matan maƙwabta su zo su ga ikon Allah. Ni kuwa ina kallo ya daina cin abinci, ya koma saman ruwa yana haki. Na yi ta canza masa ruwa har gishirin ya ƙare, kuma duk Gusau babu mai sayar da irinsa.

Wata safiya muka iske shi kwance a ƙasa, ya juya gefe. Inna ta daɗe tana dubansa, idonta ya ciko da ƙwalla.

"Kai, ruwa mai tsabta haka," ta ce, "mi ya kashe shi?"

Amsar ta taso mini har maƙogwaro, da zafinta. Na haɗiye ta.

"Kwanansa ne ya ƙare, Inna."