Inda Corbata Zai Kwana

A unguwarmu ta Puerto Natales, idan aka ce wane ya cika taurin kai, da Don Belarmino Oyarzo ake auna shi. Shekara huɗu muna maƙwabtaka, shingen katako kawai ya raba mu, kuma ban taɓa jin ya ce "haka ne" ba tare da ya fara cewa "a'a" ba. Ko iskar garin nan, wadda ke tsinke shanya ta kai ta bakin teku, in ka ce masa yau ta yi yawa, sai ya ce wannan ai ba iska ba ce.

Shekara arba'in da shida ya yi yana kiwon tumakin wasu a can cikin daji, shi da doki da karnuka, a bukkar kwano, ba ya ganin mutane sai lokacin askin tumaki. Da gwiwarsa ta ƙi, 'yarsa Gladys ta gyara masa gidan nan na kusa da ni, ta sa labule da kujeru masu taushi, ta koma Santiago bakin aikinta. Karnukansa shida kuwa ya bar wa wanda ya gaje shi, don a cewarsa karen kiwo in ya shigo gari fursuna ne. Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini a kansu ke nan, ni ma ban tona ba.

Ni Herminia, tsohuwar mai dafa abincin makaranta, uwar riƙon karnuka ce. Ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai ba ta da gidan ajiye dabbobi. In an tsinci kare, ɗayanmu ce za ta riƙe shi a gidanta har a samu mai so, a bincike shi, a damƙa masa. Na ashirin da uku da ya zo hannuna ɗan kwikwiyo ne mai yawan gashi, jinin karnukan kiwo, baƙi da farin zane a ƙirji. A kwali aka tsince shi a bakin hanyar da manyan motocin tumaki ke bi. 'Yan matan ƙungiya suka sa masa suna Bombón.

Sau biyu ana ɗaukarsa, sau biyu ana dawo mini da shi. Gida na farko suka ce yana cizon yara a dunduniya. Na biyu suka ce ranar da ɗiyarsu ta yi bikin cika shekara ya tattara baƙi 'yan yara tara ya cusa su a lungun gareji, ya kwanta a gabansu ya hana kowa fita. Shugabarmu Rocío Andrade, wadda ke aiki a asibitin dabbobi, ta rubuta a takardarsa cewa mai cizo ne. Ta ce akwai wani mai horar da karnuka a Santiago da ya yarda ya karɓe shi a ƙarshen wata, a hawa na tara na wani dogon bene yake zaune, kuma da takunkumi zai fara.

Wata safiya kwikwiyon ya tasa kajina a gaba, yana zagaye su yana rarrafe da ciki, ni kuma ina binsa da tsintsiya ina ruwan ashar. Sai na ga Don Belarmino ya jingina da shinge. Ya sa hannu a baki ya zaro haƙoransa na roba, ya jefa a aljihun riga, ya yi wani fito mai tsini da sai da kunnena ya yi ƙara. Kwikwiyon ya tsaya cak, ya juyo yana kallonsa.

"Maƙwabciya, ajiye tsintsiyar nan," in ji shi. "Wannan ba cizo yake ba. Aiki yake roƙo, ku kuma kuna ba shi ƙwallo."

Daga ranar kajina suka shiga uku. Kullum da safe tsohon zai fito, ya cire haƙora, ya yi ta fito iri-iri: na zagaya dama, na zagaya hagu, na kwanta. Cikin mako biyu kwikwiyon yana shigar mini da kaji akurki ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya taɓa gashin ko guda ba. Bombón kuwa tsohon ya ce sunan alewa ne, ba zai kira karen aiki da shi ba. Ya sa masa Corbata, saboda farin zanen nan mai kama da abin wuyan ma'aikatan banki. Ban taɓa ganin mutumin nan yana dariya ba sai a lokacin, da bakinsa wayam babu haƙori.

Ni na kawo masa fom ɗin ƙungiya da kaina. Muka zauna a kicin ɗinsa, yana zuba mana shayin gargajiya na mate, ina karantawa yana amsawa. Shinge, akwai. Allurar rigakafi da fiɗiya, ya ɗan ɓata rai amma ya yarda. Hoton kare kowane wata, ya ce in ni zan ɗauka ba damuwa. Sai muka zo tambaya ta bakwai: a ina karen zai kwana?

Ya ce a ɗakin ajiyar da ke bayan gida. Na ajiye biro na gaya masa dokarmu: kare yana kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da mai shi, ba a yi wa kowa sassauci. Na ce ya bari in rubuta "cikin gida", ai ba wanda zai zo leƙa masa taga. Ya ce shi kare ba ya shiga inda mutane ke girki da ci, kuma karen da ya saba kwana gindin murhu gashinsa lalacewa yake, sanyin farko ya kayar da shi. Na lallaɓa shi, na yi masa faɗa, har na ce masa tsohon jaki.

"Rubuta abin da na faɗa," ya ce. "Ban taɓa samun kare da ƙarya ba, ba zan fara da wannan ba."

Na rubuta, raina a ɓace, don na san abin da zai biyo baya.

Rocío ta ƙi. Kuma kada wani ya ɗauka muguwa ce. Da idona na ga yarinyar nan ta sa almakashin ƙarfe ta yanke sarƙa daga wuyan karen da ya sandare don sanyi a tsakar gidan wasu, waɗanda su ma a fom cewa suka yi yana da ɗaki mai kyau a waje. Tun daga ranar aka kafa dokar. Ta zo da kanta ta yi wa tsohon bayani a bakin shinge, cikin ladabi, tana Baba kaza Baba kaza.

"'Yata, karnuka nawa kika binne?" ya tambaye ta.

Ta ce da yawa.

"Ni talatin da ɗaya. Duk tsufa ya kashe su, ban da biyu da damisar daji ta kama. Ba wanda sanyi ya kashe."

Ta ce ta yarda, amma in ta buɗe masa ƙofa yau, gobe masu sarƙa za su shigo ta nan. Ranar Asabar za ta zo duba gida kamar yadda ake yi wa kowa. In amsar ba ta canza ba, ran Litinin kwikwiyon zai hau jirgi. Tsohon ya mayar da haƙoransa baki ya shige gida, ko sallama bai yi mata ba.

Satin nan bai fito bakin shinge ba. Corbata ya yi ta zaman jira a gindin katako yana kuka ƙasa-ƙasa, ni kuma ina jin ƙarar guduma da zarto daga bayan gidan tun safe har yamma. Na ce a raina, ga shi can yana gyara wa kare ɗakin da ba zai taɓa kwana a ciki ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, har na daina kai masa burodin da na saba.

Ran Asabar da hantsi muka shiga ni da Rocío, Corbata na gaba yana jan igiya. Tsohon bai kai mu cikin gida ba, ya wuce da mu kai tsaye bayan gida ya tura ƙofar ɗakin ajiya. An toshe duk kafofin bango. A gefe ɗaya ga dandamalin katako da busasshiyar ciyawa da buzun tunkiya. A ɗaya gefen, bayan wani ɗan gajeren bango na katako, ga gadon ƙarfensa an gyara shi tsaf da barguna uku, ga takalmansa a ƙasa, ga kofin da yake ajiye haƙora a kan akwati.

"Rufi ɗaya kika ce," in ji shi, yana duban Rocío. "Ga rufi. Kicin dai ba zai shiga ba. Ni ne na tare."

Rocío ta dubi gadon. Sai ta ce masa shekararsa saba'in da huɗu, ga gwiwa, kuma hunturu na tafe; in ya mutu a nan me za ta gaya wa Gladys? Ya ce bukkar da ya yi shekara arba'in da shida a ciki ba ta kai wannan kyau ba. Sai ya shafa bargon, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa cewa shekara huɗu ke nan a gidan labulen can bai yi barcin kirki ba. Ya saba jin numfashin kare a bayan katako, in babu shi sai ya yi ta farkawa yana zaton wani abu ya sami tumaki.

A nan ne na lura da bangon da ke saman gadon. Ƙusoshi bakwai ne a jere. A kan shida akwai tsofaffin madaurin wuya na fata, sun yi baƙi don daɗewa. Na bakwai sabuwa ce, ba komai a kanta. Wallahi sai da na juya ina gyara ɗankwalina don kada su ga idona.

Rocío ta daɗe tana kallon ƙusoshin. Daga nan ta shiga aikinta, sai dai ba makwancin kare ta duba ba. Ta tattaɓa katifar tsohon, ta sa hannu a ƙasan ƙofa ta ji iska, ta ce ba za ta sa hannu a takarda ba sai an kafa murhu. Ya ce a'a. Ta ce to jirgi na nan ran Litinin. Suka yi ta ja-in-ja kamar masu cinikin doki, har ya yarda da ƙaramin murhu, amma a gefensa, nesa da gashin karen. Ya kuma sa ta gyara tambaya ta bakwai da hannunta: kare a ɗakin ajiya, mai shi ma a ɗakin ajiya.

Da ta gama ta miƙa masa jar igiyar ƙungiya, ta ce doka ce, ba a fita titi da kare sai da ita. Ya karɓa ya jujjuya ta, ya miƙa hannu ya rataye ta a ƙusa ta bakwai. Sannan ya zaro haƙoransa ya yi fito sau ɗaya. Corbata ya wuce ta gabanmu, ya hau buzun, ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa.