Telan da Gwaggo ba ta kallo

Ruwan sama ya tsare mu ni da Gwaggo Asabe, yayar babana, a shagon wata 'yar China mai sayar da leshi a kasuwar Tianxiu, can ƙasar China. Mai shagon ta kunna fim ɗin Italiya: gidan attajirai, kowa ya ci ado, ana cin abinci shiru kamar zaman makoki. Ba ma jin yaren.

Can Gwaggo ta ce, "Yarinyar nan direban gidansu take so."

Na ce, "Gwaggo, ya aka yi kika gane?"

"Tana kallon kowa, ban da shi."

Ta shafa leshin da ke cinyarta, ta ce, "Da ina budurwa, akwai telan da ke yi wa gidanmu ɗinki a Fagge. Shekara uku ban ɗaga ido na kalle shi ba. Na san Alhaji, babanmu, ba zai ba tela 'yarsa ba. Bara telan ya rasu. Na aika da shinkafa ranar sadakar uku, na ce kar a faɗi daga ina."

A hannunta na girma, amma ban taɓa tunanin ita ma ta yi 'yanmatanci da wani a zuciya ba.

Ku fa, kun taɓa tambayar iyayenku mata?