Karen da Aka Bar Mini

Shekarar da aiki ya mayar da maigidana Dutsin-Ma, ni da yara da surukata muka rage a Kurfi, a gidan ƙarshen layi. Bayan katangarmu sai gonakin gero. Masu satar mutane sun hana kowa sakat, ko gona mai nisa an daina zuwa. Na ce ina son kare.

Ƙanwata da ke aure a Abuja ta ce akwai wani gida can da ake tara karnukan da ba su da masu su, ana ba wanda ke so. Ta haɗa ni da matar da ke kula da wurin a waya. Ta tambaye ni tsayin katanga, da abin da zan riƙa ba shi, da ko akwai likitan dabbobi kusa. Duk na amsa. Sai ta ce ƙa'idarsu sai sun zo sun ga gidan da idonsu.

Na ce, "To ku zo mana."

Ta ce, "Kurfi? Hajiya, ki yi haƙuri, ba mai bin hanyar nan a cikinmu."

Ana haka mai kawo mana nono daga Wurma ta zo sallama. An kore musu shanu, za su tashi. Karensu na biye da ita, ja, mai yankakken kunne. Ta ce mota ba za ta ɗauke shi ba. Na karɓa.

Surukata ta ce, "Ba dai tsakar gidan da nake salla ba."

Na ce, "Inna, bayan ɗaki zan ɗaure shi."

Karen da ya saba bin shanu daji bai san igiya ba. Ya ƙi tuwo, ya yi ta fizga har wuyansa ya saɓule. Ranar da na kwance shi ya kori awakin maƙwabta, suka aiko cewa in ya sake za su sa mishi guba. Masu shi kuwa ban san inda suka nufa ba. Kullum in na kai mishi ruwa sai in tsaya ina kallon ciwon, in rasa yadda zan yi.

Daga ƙarshe yayan maigidana, mai noman albasa a bakin madatsar ruwa ta Zobe, ya zo ya tafi da shi gadin gona. Inna ta sa aka kawo zabi, ta ce su ma suna kuka in sun ga baƙo. Suna yi kam, har ga mai tallan ruwa. Muka ci gaba da sa sakata tun la'asar.